Awon Arzika

Da sunan Wanda ya ɗaga tudu ya kwantar da kwari, ya hore wa ruwa gangara ya hana shi hawa. Bayan haka.

Ni ne Dogara maƙeri, ɗan Nomau maƙeri, mutumin Tarmasa ta ƙasar Gabaruwa, wadda ke bayan hamada uku da kogi ɗaya. Ba ni da yawan magana, ba ni da yawan karatu. Damina biyu na yi a gaban malam, ubana ya aiko cewa zuga-zugi na jirana. Don haka wanda ya ga harafi ya karkace a takardar nan ya bar shi yadda ya same shi. Kada ya gyara. Gyara ne ya kawo ni inda nake.

Tarmasa gari ne mai gida ɗari huɗu, a yammacin Dutsen Mazauru. Rijiyarmu goma sha ɗaya. Shekarar da furfura ta fara fito mini, bakwai suka ƙafe, huɗun da suka rage suka koma ɗaci. Mace takan yini a bakin rijiya ta dawo da rabin tulu, shi ma rabinsa laka. A bayan dutsen, ta gabas, ga Tafkin Shuni kwance, ruwa garai-garai wanda ba a taɓa ganin ƙasansa ba. Amma hanyar zuwa can, akuya ma sai ta yi shawara kafin ta bi.

Kowa ya san in aka huda dutsen za a iske tafkin. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tafkin ne ya fi gari tudu, ko garin ne ya fi shi. In tafkin ne a sama, ruwa zai gangaro mana. In a ƙasa yake, aikin banza ne. Ido ba ya raba wannan gardama in dutse na tsakani.

Ina da ƙane, Arzika, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi aka bari a makaranta, ya karanci hisabi har ya wuce malaminsa. Siriri ne kamar karan dawa, ga surutu, ga dariya. Yakan ce mini, "Yaya, Allah ya ba ka baki ka mai da shi rumbu, sai zubawa ba fitarwa." Ni kuwa nakan ce, "Hm."

Ran da mai gari Jatau ya tara mu a gindin tsamiya ya ce kowa ya shirya tashi, Arzika ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a ba ni shekara guda. Wani falke ya gaya mini a birnin Lamzar akwai tsohon kundi na mutanen farko, masu gina hasumiya da jan ruwa ta cikin duwatsu. Duk kayan awonsu an zana a ciki. In na ga zanen, Yaya ya ƙera, za mu san gaskiyar tafkin nan."

Mai gari ya dube ni. "Dogara, me ka ce?"

Na ce, "Abin da aka zana, zan ƙera."

A kan wannan magana gida ɗari huɗu suka kwance kayan da suka fara ɗaurewa.

Muka fita da jaki ɗaya, da garin gero, da salka biyu. Bayan kwana talatin muka iso Kogin Garaje. Kogi ne mai faɗi, mai gudu kamar an kore shi, kuma ƙasa kaɗan da mafita yana faɗawa cikin wani rami da ƙara irin ta aradu. Masu fiton wurin ba sa tuƙa baƙo. Sarkinsu, wani ƙato mai kunne ɗaya, ya yi mana bayani yana sakace haƙori.

"Ga kwale-kwale, ga turke, ga igiya. Ku za ku faɗi tsawon da za a yanka. In ta gaza, ku tsaya a tsakiyar ruwa kadoji su yi muku maraba. In ta zarce, ruwa ya ja ku can inda kuke jin ƙara. Ba mu jawo kowa baya. Jakin ku bar shi a nan. In kun ƙetare mu kai muku."

Na duba bakin gaɓa na ga jakuna sun fi arba'in suna kiwo. Na bar namu a cikinsu.

Arzika ya tsaya daidai bakin ruwa. Ya jawo malafarsa ƙasa a hankali har gefenta ya taɓa gaɓar ƙetare a idonsa. Ya sandare wuya, ya juya a kan diddige ya fuskanci rairayin da ya miƙe a gefen kogi.

"Yaya, yi ta tafiya. Ƙara. Ƙara dai, ba a bikin aure kake ba. Tsaya!"

Inda gefen malafar ya sari ƙafata, nan na tsaya. Ya sa aka ja igiya daga inda yake zuwa inda nake, ya ƙara gaba biyar saboda ƙulli da jan ruwa, ya ce a yanka. Muka shiga. Igiya ta miƙe tana kuka, hancin kwale-kwale ya caki yashin ƙetare, ba ragi ba ƙari.

Mai kunne ɗaya ya ƙwala kira daga can. "Kai siriri! Wane malami ya koya maka?"

Arzika ya ɗaga malafar sama. "Ga shi nan, Baba, a kasuwa na saye shi!"

Suka kawo jakin suna ƙunƙuni.

Wata biyu bayan nan muka shiga Lamzar. Abu biyu na fara lura da su. Ba katanga ɗaya a birnin da ta miƙe, kowace ta jingina da itace kamar tsohuwa da sanda. Sa'an nan duk wanda ya buɗe baki ya gaishe mu, babba da yaro, harshensa baƙi ne wuluk.

Mai tsaron kundin wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, ita ta warware mana. Ta ce tun zamanin kakanninsu aka ji tsoron kada wani sarki ya zo ya ƙwace kundin. Sai suka yi shawarar ɓoye shi inda ba mai iya ƙwata. Duk farkon damina a ciro ganye ɗaya, a wanke tawadarsa a babbar randa, birni duka ya sha.

Arzika ya ce, "Iya, ganye nawa ne da farko?"

"Ɗari uku."

"Yanzu fa?"

"Goma sha tara. Nan da kwana huɗu su zama sha takwas."

Ƙanena ya dubi tsohuwar. Ya zauna a ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Iya, kun sha ganye ɗari biyu da tamanin da ɗaya. A cikinku wa zai iya gaya mini tsawon hasumiyar can?"

Ta ce, "Ɗana, ilimin yana ciki. Bai dai fito ba tukuna."

Dokar ɗakin kundin ita ce, ba mai shiga sai wanda ya karanta layi ɗaya a bakin ƙofa, kuma ba a shiga da takarda ko alƙalami ko tawada. Arzika ya karanta nasa kamar shan ruwa. Ni aka ba ni nawa, na kama harafin farko, na biyu ya kuɓuce mini. Iya Tasalla ta yi dariya har da tari.

"Kai mai hannun guduma, zauna a waje. Makullin ƙofar nan ya shekara goma yana ba ni wahala. In ka gyara shi, ƙaninka ya yi kwana uku yana kallo."

Haka aka yi. Ni ban taɓa ganin zanen kundin da idona ba. Kwana uku ina bakin ƙofa da magagari, shi yana ciki. Da la'asar in ya fito sai ya yi ta zuba mini, idonsa jajir.

"Yaya, da ka gani! Akwai sanda mai gicciye da ake auna tsawon hasumiya ba tare da an hau ba. Akwai igiya mai ƙulli goma sha biyu da ke fitar da kusurwar ɗaki cif. Akwai faifai mai ɗauke da taurari, ka juya shi ya gaya maka lokaci. Akwai wata ƙafa biyu ta ƙarfe mai zana da'ira. Sauran kuwa suna cikin waɗannan bayin Allah, sun fita da fitsari."

"Namu fa?"

"Namu yana nan. Rabin faifai ne na tagulla, mai auna hawa da gangara. Shi ne ganyen da za a wanke jibi."

A rana ta uku ya ɗaura warkina na fata a ƙarƙashin rigarsa, ya soke basilla a cikin malafa. A ciki ya shimfiɗa fatar a ƙarƙashin ganyen, ya bi zanen da tsini, huda bayan huda. Da zai fito, Iya Tasalla ta ɗaga ganyen ta duba shi a hasken taga. Rana ta ratso ta hudojin kamar rariya. Dogaran ƙofa biyu suka matso. Na kama ƙotar guduma.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta ce, "Gara ce. Gara mai hankali, mai bin layi." Ta mayar da ganyen. "Ku tafi, kada rana ta faɗi muku a garin mutane."

A ƙofar birni ana laluben mai fita, ana neman takarda. Na riga na karɓi warkina na ɗaura. Wani dogari ya juya shi ya ga hudojin ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Tartsatsi." Ya dubi hannuwana da suka sha ƙuna, ya sake ni.

Damina ta faɗi, Kogin Garaje ya cika ya ci turkensa, dole muka biyo ta Filin Kanwa. Tafiyar kwana tara ce a kan farar ƙasa, ba itace, ba tsuntsu, ba tudu, ƙasa da sama duk haske ɗaya. Wanda ya kauce kaɗan zai yi ta zagaye har ya bushe. Mun wuce irinsu, suna zaune fari fat kamar an sassaƙa su. Ni na saba runtse ido a gaban wuta, na kuma shafa gawayi. Arzika kuwa shi ke riƙe mana hanya, kullum yana duban rana yana gwada ta da sandarsa, da idon da ya riga ya gaji da kwana uku a kan tsohuwar tawada. Na ce ya rage. Ya ce, "In na rage, Yaya, mu zama gumaka biyu da jaki."

Ran kwana na bakwai, rana tsaka, ko ɗigon girgije babu, ya tsaya ya ɗaga kai.

"Yaya, hadari ne ya taso?"

Na ce, "A'a."

Ya murza idonsa. Sa'an nan ya ce, "To. Kafa sandar nan a ƙasa, ka gaya mini inda inuwarta ta kwanta."

Da bakinsa da idona muka fita daga filin. Na ɗaura igiya a ƙugunsa na riƙe. Tun daga ranar bai sake ganin komai ba.

Mun iso Tarmasa saura kwana ashirin shekara ta cika. Na shiga maƙera, na shimfiɗa warkin na duba. Rabin faifai ne, miƙaƙƙen gefensa a sama, ta nan ake leƙe. Daga tsakiya zare ya rataya da ɗan dalma a ƙarshensa. A bakin da'irar ga hudoji a jere, kowace alama ce. In ka leƙa sama ko ƙasa, zaren zai kwanta a kan wata alama, ita za ta gaya maka yawan hawa ko gangara. A tsakiya tazararsu da faɗi. Amma da suka doshi gefe sai suka fara matsewa, suna ƙara matsewa, har na ƙarshe suka cushe kamar tururuwa a kan zuma.

Na ce a raina, sauri ya yi. Tsoro ya kama shi, fatar ta zame, wuri ya ƙure masa. A gidanmu ba a fitar da aiki mai gwame. Ubana ya taɓa karya lauje a gabana ya jefa a wuta don haƙori ɗaya ya fi 'yan'uwansa kusa. Kuma ban so in gaya wa makaho cewa aikin ƙarshe da idonsa ya yi bai daidaita ba.

Na ɗauki tazarar tsakiya na bi da ita har gefe, kowace alama daidai da 'yar'uwarta. Na goge tagullar har ina ganin fuskata. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Arzika yana zaune a bakin maƙera. Ya ce, "Yaya, ka bi hudar yadda take?"

"Na yi shi yadda ya kamata."

"Kawo in taɓa."

"Gumin hannu na dusashe tagulla."

Ya yi dariya. "Rowa dai, Yaya. Rowar magana, rowar tagulla."

Na sa abin a jakar fata.

Muka yi awo. Ana kafa sanda biyu, igiya mai gaba goma a tsakani, in leƙa in faɗi alamar da zare ya kwanta, Arzika ya jefa tsakuwa a jaka. Ta wajen gari dutsen a kwance yake, zaren bai yi nisa da tsakiya ba. Ta wajen tafki kuwa a tsaye yake kamar bango, zaren ya yi ta tafiya can gefe, inda na gyara. Kwana goma sha biyu muka yi. Arzika ya zazzage tsakuwarsa a gaban mai gari, ya lalube su, ya ce, "Tafki ya fi gari tudu da gaba shida."

Mata suka yi guɗa. Wani tsoho ya rungumi ƙafar ƙanena.

Rani huɗu muka yi muna huda Mazauru daga wajen gari, da dagi da diga da wuta. Ni na ƙera dagin, ni nake wasa su. A rani na biyu rufin rami ya rufto ya kashe mutum uku, har da mijin Kande mai ƙosai. A na uku shanu suka ƙare. Ruwan ɗaci ya yi ta ɗibar ƙananan yara, ban ƙirga ba. Duk wanda ya ce a tashi, sai a ce masa saura kaɗan, gaba shida ne, Arzika ya auna.

Ran da dagi ya fara amsa kamar ganga, aka ce kowa ya fito sai mutum biyar, kada ruwa ya tafi da jama'a. Ni na yi bugun ƙarshe. Dutse ya fashe.

Haske ne ya shigo. Ba ruwa ba.

Na faɗaɗa ramin na leƙa. Ga Tafkin Shuni can ƙasan ƙafata, shuɗi, kwance, ya fi gaba goma sha biyar a ƙasa. Wata kurciya ta wuce ta tsakaninmu da shi.

Muka fito. Gari duka yana bakin rami da tuluna da ƙwarya, an yi wa yara wanka da yashi an sa musu riguna. Suka dubi ƙafafunmu, busassu. Ba wanda ya tambaya.

Arzika yana zaune a kan dutse. Ya ce, "Yaya, ban ji ƙarar ruwa ba."

Na gaya masa.

Ya miƙo hannu. "Kawo faifan."

Wannan karon na ba shi. Ya ɗora babban yatsa a tsakiyar alamomin, ya ja shi a hankali zuwa gefe. Ya dawo, ya sake ja. Na ga lokacin da yatsan ya tsaya.

Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Kai, Yaya. Hannunka bai taɓa rawa ba. Ko ɗaya ba ta fi ɗaya ba." Ya sake shafa gefen. "Tudu in ya miƙe tsaye, karkata kaɗan hawa ne mai yawa. Shi ya sa suke matsewa."

Jama'a sun fara matsowa. Wasu sun sunkuya suna ɗibar duwatsu. Na buɗe baki. Ya damƙe mini hannu.

"Makaho ba sa kashe shi, maƙeri kuwa za su kashe. Yi shiru. Ai ka iya."

Ya miƙe, ya fuskanci inda hayaniya take.

"Jama'a, ni ne. Tsakuwa ta rikice mini a jaka, na lissafa hawa a wurin gangara. Kayan awo lafiya lau suke. Ku yafe ni in kuna iyawa."

Kande ta ɗebi ƙasa ta watsa masa a fuska. "Makaho ya ja masu ido rami! Ina mijina? Auna mini inda yake!" Dutse ɗaya ya same shi a goshi. Mai gari Jatau ya shiga tsakani, aka watse.

Ni kuwa na yi shiru. Na iya.

An gwada jawo ruwan da guga daga bakin ramin ta wajen tafki. Mutum biyu suka faɗa, kuma ɗan abin da aka zuba ƙasan rami ya shanye shi kafin taki ɗari. Aka bari.

Na koma maƙera, na ciro warkin, na ƙera wani faifan. Na bi kowace huda inda take, har da cusassun. Mummuna ne a ido. Na sa shi a hannun Arzika tun yana da ɗumi. Ya shafa ya ce, "Yawwa. Ɗauko jaki."

Mu biyu muka sake hawa Mazauru. Ta arewa akwai wata ƙorama, Idon Kurciya, da ke fitowa daga kafaɗar dutsen ta faɗa tafki. In ka tsaya a bakin raminmu ta wajen tafki ka dube ta, za ka rantse tana ƙasa da kai, shi ya sa ba wanda ya kula ta. Muka auna sau uku. Sau uku ta fi bakin ramin tudu da gaba uku. Abin da ake bukata kawai a sassaƙa mata hanya a jikin bangon dutse, ta gindin wani baure, har bakin rami, taki ɗari shida. Gari duka zai gama a rani ɗaya.

Muka je wa mai gari, mutane na ta ɗaure kaya. Arzika ya fara bayani. Wani ya ce, "Makaho ya sake awo!" Aka yi dariya mara daɗi.

Sai na yi magana, mafi tsawo da na taɓa yi. Na ce ni ne. Na fito da faifan biyu da warkin, na nuna musu abin da na gyara.

Mai gari ya juya na farko, mai sheƙi, ya juya na biyu, mai cusassun alamomi. Ya girgiza kai.

"Dogara, ɗan'uwa rabin jiki ne, ba mu ga laifinka ba don ka so rufa masa asiri. Amma duk garin nan an san hannunka. Wannan mai kyan shi ne aikinka. Wannan kuwa ko yaro ya gani ya san gwame ne. A kansa kake so mu ƙara rani?"

Na rantse. Ba wanda ya saurara. Kafin wata ya mutu Tarmasa ta tashi. Iyalina da na Arzika suka bi ayari, shi ya matsa musu, don yara ba sa jiran dutse. Aka bar mu biyu da jaki.

Ni nake sassaƙa, rataye da igiya. Shi yana zaune a sama yana riƙe da ɗaya bakin igiyar a jikin turke, yana ba ni labarin sanda mai gicciye da faifan taurari, don kada su ɓace gaba ɗaya. Bai taɓa tada maganar gyaran ba. Sau ɗaya na ce, "Arzika, ka yafe ni." Ya ce, "Yaya, kalma huɗu a jere? Ba ka da lafiya ne?"

A shekara ta shida tari ya kama shi. Ranar da zai cika ya tambaye ni saura taki nawa. Na ce ɗari da casa'in. Ya ce, "Kada ka zurfafa ta wajen baure, a can gangarar ta isa." Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Na binne shi a bakin rami ta wajen gari.

A shekara ta tara, da hantsi, na cire dutsen ƙarshe. Idon Kurciya ta juyo, ta bi hanyar da na sassaƙa, ta shiga rami. Na bi ta a baya da ƙafa. Ta fito ta wuce ta gefen kabarin, ta gangara Tarmasa. Ta bi ta gindin tsamiya, ta bi ta ƙofar Kande, ta shiga kasuwa. Ba guɗa. Ƙadangaru ne kawai suka kauce mata.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan tana gudu. Fatake sun gane wurin, suna yada zango su sha. A watan jiya wani falke ya sha ya ƙoshi, ya cika salkarsa, ɗinkin ya fashe. Ya yi tsaki ya ce, "Kai, wannan ɗinki awon Arzika ne."

Na ce, "A ina ka ji wannan?"

"A kasuwannin kudu, Baba. 'Yan Tarmasa ne suka kawo ta, yanzu kowa na faɗa. Duk abin da aka yi wahala a kai ya tashi a banza. Ka san mutumin ne?"

Na ce, "Ruwansa ka sha."

Bai gane ba. Na roƙe shi takarda da tawada, ya ba ni. Wata guda na yi ina wannan rubutu, ya fi mini sassaƙar dutse wuya.

Wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, in ya haɗu da ɗan Tarmasa ko jikansa, ya karanta masa. Ya gaya masa ruwa ya zo, gidajen suna nan, rufi kawai suke so. In bai yarda ba, ya zo da kansa. A kan kabarin da ke bakin rami na rataye faifan biyu, mai kyan da mummunan, da warkin a tsakani. Ya ɗora yatsa ya ja daga tsakiya zuwa gefe. Ya taɓa yadda yake so. Gumin hannu ba ya yi wa tagulla komai.

Nan tawada ta ƙare, nan maganata ta tsaya.